Yadda malami zai tsare ajinsa idan annoba ta shigo gari

Babu malamin da ya koyar a Kumasi a 2021 da bai haddace dokokin korona ba: a wanke hannu, a sa takunkumi, a ba da tazara. Da jarrabawa aka yi mana a kansu, da kowa ya ci. Amma wanda ya zaga makarantun unguwanninmu, daga Aboabo zuwa Asawase da Sawaba, bayan wata biyu da komawa aji, ya ga abin da ya saura. Bokiti na nan a bakin ƙofa, ba ruwa a ciki. Takunkumin malam ya sauko ƙarƙashin haɓa. Batirin na'urar gwada zafi ya mutu, ba a san wa zai sayi sabo ba. Ba jahilci ne ya jawo haka ba. Duk aikin da ba a ɗora wa wani mutum takamaimai ba, ba a kuma yanka masa lokaci a cikin yinin makaranta ba, tsoro kaɗai ke riƙe da shi, tsoro kuwa ba ya daɗewa.

Mun riga mun ɗanɗana. Ranar 12 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum biyu na farko masu korona a Ghana, ranar 16 ga wata makarantu suka rufe, daga 30 ga wata aka kulle Accra da Kumasi mako uku. 'Yan ajin ƙarshe sun koma a watan Yuni saboda jarrabawa, amma yaran firamare sai tsakiyar Janairun 2021, kusan wata goma suna gida. Kuma ba korona ce farau ba. A ƙarshen 2017 ɗalibai huɗu suka rasu a Kumasi Academy da ke Asokore Mampong, nan kusa da mu, gwajin cibiyar binciken cututtuka ta Noguchi ya nuna murar H1N1 ce. A 2014 kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar nan, akasarinsu a Accra. A 2022 cutar Marburg ta ɓulla a yankin Ashanti. Wata za ta sake zuwa. Ga yadda malami zai tsara aikinsa idan ta zo.

Mataki na farko: ka san ta ina cutar ke bi

Kafin ka sayi sabulu ko ɗaya, tambayi wannan: ta wace hanya take tashi daga mutum zuwa mutum? Akwai masu bin numfashi, tari da atishawa, irin su korona, mura mai tsanani, ƙyanda da sanƙarau. Akwai masu bin ruwa, abinci da hannun da bai wanku ba bayan bayan gida, kwalara ce babbarsu. Akwai masu bin taɓa jiki ko abin da ya fito daga jikin mara lafiya, tun daga ciwon idon nan da muke kira apolo har zuwa Marburg. Amsar ita ce za ta nuna maka inda za ka zuba ƙarfinka. Idan kwalara ce, takunkumi ba zai yi maka komai ba, randar ruwan sha da bayan gida su ne fagen daga. Idan mai bin iska ce, ka wuni kana goge benci amma tagogi a rufe, aikin banza ka yi.

Amsar kuma daga Hukumar Lafiya ta Ghana za ka ɗauko ta, da takardar da Hukumar Ilimi ta Ghana, wato GES, ke aiko wa shugabannin makarantu, da jami'in shirin lafiyar makarantu na SHEP da ke ofishin ilimi na yankinku. Ya kamata kowace makaranta tana da malami guda da ke riƙe da aikin SHEP. Idan taku ba ta da shi, a zaɓa yau, kuma kada a ba wanda aka raina don dai a cike gurbi.

Ɗakin malamai shi ne wurin da jita-jita ke samun gindin zama. A 2020 mun ji cewa cutar ba ta kama baƙar fata, cewa zafin ranarmu na kashe ta, cewa turaren ganyen darbejiya da zoɓo mai citta sun wadatar. Mai sayar da koko idan ta faɗi haka, a bakin teburinta maganar za ta tsaya. Malami idan ya faɗa, yara sittin za su kai ta gida sittin da cewa “tica ne ya ce”. Saboda haka ku yi wa kanku doka: saƙon muryar WhatsApp da ba a san mai shi ba, ba ya shiga aji, ba ya shiga zauren iyaye.

Mataki na biyu: ka zaga makarantar ranar da ba yara

Ɗauki biro da takarda ka ƙirga. Yara nawa a kowane aji, taga nawa ke buɗuwa, bayan gida nawa ke aiki, kwana nawa famfo ke kawo ruwa a mako. Lissafin ruwa shi ne wanda ake yawan tsallakewa, kuma shi ke kashe shirin. A ce kowane yaro zai ci rabin lita a wanki ɗaya, yara sittin, sau uku a yini: lita 90 ke nan ga aji guda. Galan ɗin nan mai ruwan ɗorawa da muke kira na Kufuor yana ɗaukar lita 20 zuwa 25, ka ga aji ɗaya na buƙatar kamar huɗu kullum. Makarantar da ta ajiye bokiti ɗaya ga azuzuwa shida, kafin ƙarfe goma ta gama wankin hannunta na ranar.

Bokitin Veronica, wanda Veronica Bekoe, ƙwararriya a ɗakin gwajin cututtuka a nan Ghana, ta ƙirƙiro, shi ne mafi sauƙi: bokiti mai murfi da famfo a gindinsa, a kan ƙafa, da baho a ƙasa yana tarar ruwan da aka ɓata. Amfaninsa shi ne ruwan na zuba ne a kan hannu, ba kowa ke tsoma hannu cikin baho ɗaya ba. A lura da tsayinsa. Na ga inda aka ɗora shi a kan tebur mai tsawo a ƙofar ajin 'yan shekara biyar, yaro na ɗage yana miƙa hannu, ruwan na gangarowa ta gwiwar hannunsa yana jiƙa masa riga. Kwana uku yaran suka daina zuwa wurin. Inda ba kuɗin bokiti, ƙaramin galan da aka huda kusa da baki, aka rataye a sanda, aka ɗaura masa igiya zuwa wani icen da ake takawa da ƙafa, zai yi aikin, har ya fi tattalin ruwa.

Sabulun ruwa ya fi, don na gutsure yana ɓata kafin azahar. A zuba shi a gorar roba da aka huda murfinta, a ɗaure gorar da igiya a jikin ƙafar bokitin. Sanitaiza ta malamai ce da baƙi, kuma sai wadda sinadarin alkohol ɗinta ya kai kashi 60 cikin 100. Ba ta maye gurbin sabulu a hannun da ya yi datti ko maiƙo, hannun yara kuwa kullum haka yake.

Yanzu sai abin da ya fi duka: rubuta suna a gaban kowane aiki. Wa zai cika bokitin aji uku da safe, wa zai sake cika shi bayan hutun cin abinci, wa zai zubar da ruwan baho, a ina zai zubar, wa ke riƙe da makullin sabulu, wa zai riƙe idan wancan bai zo ba. A manna takardar a ƙofar aji. Monita biyu-biyu suna karɓa-karɓa kowane mako, malamin aji yana dubawa. Kuɗin kuma a zauna da ƙungiyar iyaye da malamai a yanke shi tun farkon zango, don ɗan tallafin da gwamnati ke turowa a kan kowane yaro ba kullum yake isowa a kan kari ba.

A wannan zagayen ne kuma za ka zaɓi wurin da za a zaunar da yaron da ya kamu da rashin lafiya. Ba sito mai duhu ba. Baranda mai inuwa da iska, kusa da ofis, da benci ɗaya, ta wadatar.

Mataki na uku: bakin ƙofa

Malami biyu a ƙofa kafin yara su fara zuwa. Ɗaya na duba fuska yana tambaya, ɗaya na tsaye a kan bokiti. Ido ya fi na'ura aiki: yaron da ya saba shigowa da gudu yau yana jan ƙafa, jan ido, majina, ƙuraje, tari. Tambayar ita ce “waye ba shi da lafiya a gidanku?”, a yi ta cikin raha, don yaron da ya ji ana neman dalilin korarsa zai ce kowa lafiya.

Idan akwai na'urar gwada zafi, a bi nisan da takardarta ta faɗa, a goshi mara gumi. Yaron da ya tako daga Akwatia Line cikin rana zai nuna zafin da ba nasa ba, sai a zaunar da shi a inuwa minti goma a sake. Idan na'urar ta nuna 38, zazzaɓi ne. Amma a sani, mutum na iya ɗauke da korona jikinsa bai yi zafi ba, saboda haka wucewa ta gaban na'urar ba takardar shaidar lafiya ba ce. Kuma yawancin zazzaɓin yaranmu na cizon sauro ne. Ba aikin malami ba ne ya raba tsakaninsu, aikin gwajin asibiti ne.

Taron safe na makaranta duka, a dakatar da shi. Kowane aji ya yi addu'arsa da sanarwarsa a gaban ƙofarsa.

Mataki na huɗu: cikin aji

A faɗi gaskiya, tazarar mita ɗaya a ajin da yara uku ke kan bencin mutum biyu ba mai yiwuwa ba ce. Malamin da ya ga haka ya kan ce to duka dokokin ma wasa ne, ya watsar. Kuskure ne. Abin da ya rage a hannunka yana da yawa, kuma babbansa kyauta ne: iska.

Buɗe tagogin ɓangare biyu da ƙofa, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Gilasan tagar da suka maƙale a gyara su, kwalin da aka toshe gurbin wanda ya fashe da shi a cire. Ƙwayar cutar da ke bin numfashi tana taruwa a rufaffen ɗaki kamar hayaƙin gawayi a kicin mara taga, bambancin kawai ita ba a ganinta, ba ta kuma sa hawaye. Fanka a rufaffen ɗaki juya ta kawai take yi. Lokacin hunturu shi ne jarrabawar, don sanyin safe da ƙura na sa kowa ya rufe taga, alhali lokacin ne tari da mura suka fi yawa. A ce wa iyaye su sa wa yara rigar sanyi, a bar tagogin a buɗe ko da rabi ne.

Bencina duka su fuskanci allo, kada yara su zauna fuska da fuska. Kowa ya riƙe wurin zamansa har ƙarshen zango, ka zana taswirar zaman a bayan rajista. Ranar da aka ce wane ya kamu, ma'aikatan lafiya za su tambaye ka su wa ke kusa da shi, ka miƙa musu takarda maimakon ka tsaya tuno. Karatun da aji duka ke ɗaga murya tare, irin haddar lissafi da waƙa, shi ya fi fitar da tururin baki. A fita da shi gindin bishiya ko baranda. Idan shugaban makaranta ya yarda a raba aji biyu, rabi ciki rabi waje, ya fi.

Sai takunkumi, inda mu malamai muka fi faɗuwa. Malam zai sa shi tsaf yana zaune shiru yana duba littattafai, da ya miƙe zai yi bayani sai ya ja shi ƙasa don a ji muryarsa. Wato ya cire shi daidai lokacin da ake buƙatarsa, yana tsaye a kan 'yan layin gaba yana ɗaga murya minti arba'in. Mafita ita ce ka ja bencin gaba baya, ka rage sauri, ka yawaita rubutu a allo, ka nemi takunkumin da ba ya manne wa leɓe. Ka zo da biyu, don wanda ya jiƙe da gumi ya gama aiki. Yara suna kallon haɓarka fiye da yadda suke sauraron bakinka. Duk wa'azin da za ka yi, idan naka na wuya, nasu na aljihu.

Yaro ɗan shekara biyar zuwa ƙasa ba a sa masa takunkumi, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce. Waɗanda suka ɗara haka a rubuta musu suna a jikin nasu, don suna musaya idan launin na wani ya burge su. Na yadi a wanke shi kullum da sabulu a shanya a rana. Kuma kada a bugi yaro ko a kore shi don bai zo da shi ba. Ajiye 'yan kaɗan a aljihun tebur. Wanda ka kora ba gida zai tafi ba, kasuwa zai shiga.

Tari da atishawa a yi su cikin gwiwar hannu. Ka nuna da jikinka, ka sa su kwaikwaya, ka maimaita har ya zama wasa. Tsinken biro a baki, lasar yatsa don buɗe shafi, duk a hana, kai ma ka daina yi lokacin da kake raba takardu.

Mataki na biyar: ci da sha da bayan gida

Kada ka ce “ku riƙa wanke hannu”. Ɗaura wankin a jikin ƙararrawa: shigowa da safe, kafin cin abinci, bayan fitowa daga bayan gida. A saki azuzuwa ɗaya bayan ɗaya, tsakaninsu minti biyar, in ba haka ba layin bokiti zai zama turmutsitsi. Cuɗawa da sabulu daƙiƙa ashirin ne aƙalla: tafi, baya, tsakanin yatsu, babban yatsa, ƙarƙashin farce. A yarfe hannu ya bushe, kada a rataye tawul ɗaya don kowa.

Kofi ɗaya a kan randa, wanda aji duka ke kafa wa baki, a ɗauke shi. Kowa ya zo da gorarsa. Ledar ruwa ɗaya da yara uku ke tsotsa, da alewar da ake gutsura wa aboki da haƙori, sai an yi ta magana, don a wurinsu zumunci ne, kuma mu muka koya musu cewa rowa ba kyau. Ka ce musu a raba kafin a kai baki.

Masu sayar da wake da shinkafa, koko da ƙosai a harabar makaranta, da masu dafa abincin gwamnati, su ma ma'aikatan makarantar ne a wannan lokaci. A je musu da girmamawa. A ba su bokitinsu, abinci ya zama a rufe kuma da zafi, ruwan ɗauraye kwano a riƙa canja shi, hannun da ke karɓar kuɗi kada ya zama shi ke ɗibar taliya. Butar bayan gida kuma a ware ta, kada ta zagayo wurin alwala ko wurin shan ruwa, a ajiye sabulu a ƙofar fita.

Mataki na shida: yaro ya kwanta ciwo a tsakiyar darasi

Kada ka yi ihu, kada ka sa aji ya watse. Kira sunansa a hankali, ka fita da shi wurin da aka tanada. Idan tari yake kuma yana numfashi lafiya, ba shi takunkumi. Babba ɗaya ya zauna da shi, da 'yar tazara, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a tura abokinsa ya raka shi gida. Sai waya. Yadda ka buɗe maganar shi zai sa a zo ko a ƙi.

“Hajiya, ina wuni? Malamin ajinsu ne. Ba abin tashin hankali ba ne, jikinsa ne ya yi zafi, yana nan zaune a inuwa tare da mu. Don Allah a zo a kai shi asibiti a gwada, a taho da katin inshorar lafiya.”

Amsar da za ka ji, mun san ta: “Malam, ina Kejetia, ba mai tsare min kaya. Ka ba shi farasitamol mana, in an tashi ya taho.”

Kada ka yi fushi, gaskiyarta ce, cinikin ranar shi ne tuwon dare. Ka ce: “Na sani, Hajiya. Amma in na ba shi magani zafin zai kwanta, ciwon na nan, a asibiti ma ba za su ga abin da muka gani ba. Ko akwai yayarsa ko kawunsa a gida da zai zo?” Shi ya sa tun farkon zango ake karɓar lamba biyu a kan kowane yaro. Malami ba ya raba magani daga aljihunsa, asfirin kuwa ba a ba yaro mai zazzaɓi sam.

Akwai alamun da ba a jiran kowa a kansu: numfashi da ƙyar, sanƙarewar wuya, suma ko fizge-fizge, jini daga hanci ko baki tare da zazzaɓi, gudawa kamar ruwan shinkafa. A kira 112 ko a nufi asibiti mafi kusa nan take, na Manhyia ko Komfo Anokye, ana kiran iyaye a hanya. Mai gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Fakitin ORS ya fi, a bi abin da aka rubuta a jikinsa. In babu, ledar ruwa biyu lita ɗaya ce: ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe kansu, da rabin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishirin don a ga kamar ya yi kaɗan.

Amai ko gudawa a ƙasan aji, ba yara za a sa su kwashe ba. Babba ne, da safar hannu ko aƙalla leda. Ruwan bilic, irin su Parazone, a duba ƙarfinsa a jikin gora. Idan kashi 5 cikin 100 ne, awo ɗaya da awo tara na ruwa don amai da jini, a zuba a bar shi minti goma kafin a kwashe. Don goge benci, marikin ƙofa da kan famfo, awo ɗaya da awo 49 na ruwa, wato ƙaramin cokali huɗu a lita ɗaya. Idan kashi 3.5 ne, ɗaya da shida don amai, ɗaya da 34 don gogewa. A fara wanke wurin da sabulu, don datti na kashe ƙarfin bilic. A haɗa sabo kullum, kada a gauraya shi da wani maganin wanke bayi, kada kuma a fesa shi a jikin yaro. Lokacin kwalara ma'aikatan lafiya na amfani da haɗi mafi ƙarfi, a bi nasu.

Daga nan sai rajista. Rubuta ba “bai zo ba” kaɗai ba, har da dalili. Yaro ɗaya mai zazzaɓi ba labari ba ne. Yara huɗu daga layi ɗaya, ko daga gidan haya ɗaya, da ciwo iri ɗaya cikin mako guda, labari ne, kuma malamin aji ne mutum na farko a duk Kumasi da zai iya ganinsa. Ka kai wa shugaban makaranta da mai riƙe da SHEP, su sanar da ofishin lafiya na yanki a ranar. Wasu masu makarantun kuɗi na tsoron kada a ji, iyaye su kwashe yara. Ɓoyewar ce ke jawo rufewa.

Sunan yaron kuma amana ne. Ba ya shiga zauren WhatsApp. Idan ya warke ya dawo da izinin asibiti, kai za ka fara tarbarsa a gaban aji, ka zaunar da shi wurinsa na da, ka kuma kashe duk wani laƙabi da aka fara yi masa tun ranar farko.

Mataki na bakwai: ka je wurin malamin makarantar allo

Yaron da ka tsare daga bakwai zuwa biyu, da la'asar ko ranar Asabar da Lahadi yana makarantar allo ko Islamiyya, gwiwa da gwiwa a kan tabarma, ana karatu da ƙarfi. Idan can ba a yi komai ba, rabin aikinka ya zube. Makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na GES takarda na isa gare su. Na cikin zaure da na masallacin unguwa ba ta isa, sai ƙafa.

Ka je da kanka, ba aike ba, ka zauna ƙasa ka gaisa. Kada ka je da sigar ɗan boko ya zo gyara. “Allah gafarta Malam, yaranmu ɗaya ne, na zo ne mu ga yadda za mu haɗa hannu.” Hujjar ma a wurinsa take, ya fi ka saninta: hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta sauka da fita daga cikinsa, da komawar Sayyidina Umar daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya ce gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. A 2020 an rufe masallatai a ƙasar nan har farkon Yuni, Babban Limamin Ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu kuma ya nemi jama'a su bi doka.

Abin da za ku nema kaɗan ne. Karatu ya fito fili ko a raba yara kashi biyu. Sabulu kusa da butoci, a wanke hannu da shi kafin a fara alwala, don ruwa zalla ba ya cire abin da sabulu ke cirewa. Kowa da allonsa, kowa da kofinsa idan za a sha rubutu. Musafaha a mayar da ita sallama da hannu a ƙirji har abin ya wuce. Idan makarantarku na da rarar bokiti, ku kai masa. Shawarar da ta zo da bokiti ta fi shiga.

Mataki na takwas: kai kanka

Malamai ba sa son fashi, wasu don kishin aiki, wasu don a makarantar kuɗi ranar da ba ka zo ba ana iya yanke ta a albashi, kuma da yawa sun sha wuya watannin da aka rufe ba biya. Amma malami mai tari a gaban allo ya fi kowane yaro haɗari, don shi ke magana yini guda yana fuskantar kowa. Ku yi yarjejeniya tun ana lafiya: wa zai riƙe ajin wa, kuma mai makaranta ya amince a rubuce cewa kwanakin jinya ba za a taɓa su ba.

Ɗakin malamai ma aji ne. Nan ake cire takunkumi, a rufe ƙofa, a sa hannu cikin kwano ɗaya. A buɗe taga, a ci abinci a baranda. A trotro, motar haya, ka nemi gefen taga. Suna, biki da zaman makoki ba sa ƙarewa a Zongo, kuma ba a son a ce malam ya yi girman kai. Ka je ka yi gaisuwa a waje, ka yi addu'a, ka taho, ba sai ka shiga ɗakin da aka cunkushe ba.

Idan rigakafi ya zo, ka karɓa a inda za a gan ka. Ghana ce ƙasar farko da ta samu allurar korona ta COVAX, shirin duniya na raba wa ƙasashe rigakafi, guda 600,000, ranar 24 ga Fabrairun 2021, kuma shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, da Asantehene, wato Sarkin Ashanti, Otumfuo Osei Tutu II, sun karɓa a bainar jama'a don kashe tsoro. A unguwa, kai ne wanda ake kallo. Uwar da ke shakkar a yi wa 'yarta allura a makaranta ba jami'in lafiya za ta tambaya ba, kai za ta tare a hanya ta ce “Malam, kai an yi maka?”

Mataki na tara: bayan tsoro ya kwanta

A ƙarshen Maris 2022 aka ɗage dokar tilasta takunkumi a Ghana, amma a makarantu da yawa an daɗe da ajiye komai kafin nan. Abin da ke hana haka shi ne duba na mako-mako. Kowace Juma'a kafin a tashi, mai riƙe da SHEP da shugaban makaranta su zaga minti goma: a murɗa kowane famfo a ga ruwa ya zubo, a girgiza gorar sabulu, a tura kowace taga, a buɗe rajistar kowane aji a karanta dalilan fashi. Abin da ya lalace a rubuta sunan mai gyara da ranar gyara.

Idan hukuma ta ce annoba ta wuce, takunkumi da na'urar ƙofa za su iya hutawa. Bokiti, sabulu, buɗaɗɗiyar taga da rajistar dalilai su ci gaba, don gudawa, apolo da mura ba sa jiran sanarwa. Sauran kayan a haɗa su a akwati ɗaya a ofis: safar hannu, takunkumi, fakitin ORS, na'urar gwada zafi an cire mata batir don kada ya zube a ciki. Bilic ba ya ajiyuwa da daɗewa, ƙarfinsa na raguwa, musamman a wuri mai zafi, saboda haka a sayi ƙaramar gora a riƙa sabuntawa. Lambobin iyaye da ta ofishin lafiya na yanki kuma a sake bin su ɗaya bayan ɗaya a makon farko na kowane zango, don mutanenmu na yawan canja layi.